Caca a Idon Duniya: Wa Ke Biyan Kuɗin Matasan Amurka Masu Nuna Kansu Suna Caca?

KAFANCHAN — Ɗan kasuwar da ke da yaran shago, a kasuwar Godogodo ne ko a bakin tashar mota ta Kafanchan, mai yiwuwa ya taɓa leƙa wayar ɗaya daga cikinsu ya ci karo da irin hoton bidiyon nan: wani saurayi Ba'amurke zaune a ɗaki mai fitilu kala-kala, yana danna maɓallin kwamfuta, hotunan 'ya'yan itatuwa da na zinariya suna jujjuyawa a gabansa, can sai ya zabura yana ihu, alƙaluman da ke ƙasan allo suna nuna ya ci dubban ɗaruruwan daloli kafin ƙiftawar ido. Dattawan da suka ga shekarun 1970 za su gane na'urar nan take. Kalo-kalo ce, wadda gwamnatin mulkin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta haramta a shekarar 1977. Ta sake shigowa ƙasa ta cikin wayar hannu, ba ta biyo ta tashar jirgin ruwa ba, balle ta gaban jami'in kwastan.

Darasin wannan karo zai auna sana'ar waɗannan matasa da ma'aunin da ɗan kasuwa ya saba auna kowace harka: daga ina kuɗin ke fitowa, a hannun wa kuma suke kwana.

Yadda sana'ar ta samo asali

Dandalin da ya raini wannan al'amari shi ne Twitch, wata kafa ta intanet da aka buɗe a 2011, wadda kamfanin Amazon ya saya a 2014 a kan kuɗi kimanin dala miliyan 970. A can mutum kan kunna kyamara ya riƙa wasan kwamfuta sa'o'i da dama, dubban mutane na kallonsa kai tsaye suna rubuto masa magana yana amsawa. Abincinsa na fitowa daga tallace-tallace, da kuɗin wata-wata da magoya baya ke biya, da kuma kyaututtukansu. Jarinsa kuwa, idan an bi diddigi, shi ne yardar da masu kallo suka yi masa, domin wanda ya shafe sa'o'i biyar kullum yana sauraron mutum guda ya kan ɗauke shi tamkar aboki.

Ba a daɗe ba masu gidajen caca suka fahimci darajar wannan yarda. A 2016 aka bankaɗo cewa wasu fitattun masu shirin bidiyo biyu, Trevor Martin na Amurka da Thomas Cassell na Ingila, da suka daɗe suna nuna kansu suna cin kuɗi a wani shafin caca mai suna CSGO Lotto kamar sun yi tuntuɓe da shi ne kawai, ashe su ne masu shafin. Hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta shiga maganar, aka sasanta a watan Satumba na 2017 bisa sharaɗin su riƙa bayyana alaƙarsu da duk abin da suke tallatawa. Ba a ci su tarar ko sisi ba, kuma sauran masu sana'ar sun lura da hakan.

Abubuwa uku suka zo suka ƙara wa wutar mai. A ranar 14 ga Mayu, 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar tarayya da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni, sai tallan caca ya cika talabijin, kunyar abin ta ragu. Annobar korona ta 2020 ta zaunar da matasa a gida. Sannan kuɗin intanet na kirifto ya ba gidajen caca da ke wajen Amurka hanyar karɓar kuɗi ba tare da bin banki ba. Babba a cikinsu shi ne Stake, wanda Ed Craven da Bijan Tehrani suka kafa a 2017, suna tafiyar da shi daga Ostareliya da lasisin wani ƙaramin tsibiri mai suna Kurasawo a tekun Karibiyan. Da yake babban shafin kamfanin ba shi da izinin aiki a Amurka, wasu daga cikin matasan sai suka ƙaura zuwa Kanada ko Meziko suna watso shirinsu daga can. A watan Yuli na 2021 mujallar Wired ta ƙidaya aƙalla 64 daga cikin manyan masu shiri 1,000 na Twitch da suka nuna irin wannan caca ko suka tallata ta.

Lissafin da ba a nunawa a allo

Kafin a fahimci dalilin da ya sa kamfani zai biya mutum don ya yi caca, dole a fahimci abin da ake kira ribar gida. Kowane wasan caca na kasuwanci an tsara shi ta yadda abin da ake biyan wanda ya ci bai kai daidai haɗarin da ya ɗauka ba. Misali mafi sauƙi shi ne faifan rulet irin na Turai. Yana da gurabu 37. Wanda ya zaɓi lamba ɗaya, damarsa ɗaya ce cikin 37, amma idan ya ci, ninki 35 ake ba shi tare da uwar kuɗinsa. Idan mutane 37 suka sa naira 100 kowannensu a kan lambobi dabam-dabam, gida ya karɓi naira 3,700, ya biya mutum guda naira 3,600, ya soke naira 100 a aljihu. Kashi 2.7 cikin 100 ke nan. Faifan Amurka yana da gurabu 38, ribar gida a can ta haura kashi 5 cikin 100. Kalo-kalon intanet kuwa yawancinsu an gina su ne su mayar da kimanin kashi 96 cikin 100 na abin da aka zuba, gida ya riƙe kashi 4.

Mai karatu zai iya cewa ai kashi 4 cikin 100 bai taka kara ya karya ba, tunda ko dillalin citta yana cin abin da ya fi haka. A nan ne kuskuren yake. Ribar gida ba a kan kuɗin da mutum ya shigo da su ake cire ta ba. A kan jimlar duk abin da ya juya ake cirewa, wato kowane danni da kuɗinsa. A ɗauka yaro ya shiga da naira 10,000, yana sa naira 500 a kowane danni. Na'urar tana gama juyi ɗaya cikin daƙiƙa 6 ko ƙasa da haka, wato juyi 600 a sa'a guda. Yana ci kaɗan, yana mayarwa, yana faɗuwa, yana sake ci. Idan ya jure sa'a ɗaya, jimlar abin da ya juya ta kai naira 300,000, kuma kashi 4 cikin 100 na wannan adadi naira 12,000 ne. Ma'ana, bisa matsakaicin lissafi, kuɗinsa za su ƙare tun sa'ar ba ta cika ba. Ɗan kasuwa ya san amfanin jujjuya jari: kayan da suka fita sau goma a wata sun fi waɗanda suka fita sau ɗaya riba. To a gidan caca haka abin yake, sai dai mai gidan ne ke da ribar jujjuyawar.

Yanzu a mayar da wannan lissafi kan saurayin da ke allo. Manyansu kan sa dala 1,000 a danni guda, wani lokaci fiye. Juyi 600 a sa'a, dala 600,000 ke nan. Kashi 4 cikin 100 kuma dala 24,000. Idan ya zauna sa'o'i 10, kamar yadda suke yi, asarar da lissafi ya tanadar masa ta kai dala 240,000 a yini ɗaya. Babu wani ɗan shekara 25 da zai ɗauki wannan nauyi kullum daga aljihunsa har tsawon shekara. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Akwai mai biya.

Mai biyan shi ne gidan cacan kansa, kuma ta hanyoyi uku yake biya. Akwai albashin wata. Mujallar Wired ta ruwaito cewa wani kamfani mai suna Duelbits ya yi wa matashin nan Adin Ross tayin dala miliyan 1.4 zuwa miliyan 1.6 a wata. Wani kuma, Tyler Niknam, wanda aka fi sani da Trainwreck, ya faɗa da bakinsa a watan Oktoba na 2022 cewa an biya shi dala miliyan 360 cikin watanni 16. Iƙirarinsa ne, kuma kaso mai yawa na irin waɗannan kuɗi gidan cacan suke komawa ta bakin na'urar. Hanya ta biyu ita ce kamfani ya zuba wa mai shirin kuɗin wasa a asusunsa, ta yadda faɗuwar da ake gani a allo kuɗi ne suka fita daga aljihun dama na kamfani suka shiga na hagu. Ta uku ita ce la'ada, kuma ita ce ta fi dacewa a tsaya a kanta. Ana ba mai shirin wata lamba ta musamman. Duk mai kallon da ya yi rajista da lambar, an ɗaure shi da sunan mai shirin, wanda zai riƙa samun wani kaso na abin da mutumin ya juya, ko na abin da ya yi asara. A wannan sana'a kason kan kai ɗaya bisa huɗu na asarar, ko ma fiye.

Dillalin shanu a kara yana cin la'ada idan ciniki ya faɗa, mai saye ya tafi da sa, mai sayarwa ya tafi da kuɗi, kowa ya samu abin da ya zo nema. Wannan dillali kuwa la'adarsa tana ƙaruwa ne daidai gwargwadon talaucewar wanda ya yarda da shi. Saboda haka kiransa ɗan caca kuskure ne. Ma'aikacin sashen talla ne, asararsa kuma tana cikin kasafin kuɗin talla na kamfani.

Ko a lokacin da wasan na gaskiya ne, akwai wata dabara da ba ta buƙatar ƙarya. Shirin sa'o'i 10 da aka yi ana faɗuwa babu mai sake kallonsa. Daƙiƙa 40 da aka yi babban ci su ake yankowa a watsa a TikTok, YouTube da Facebook, kuma su ne ke isowa wayar yaron shago a Godogodo. Niknam ya sha gaya wa masu kallonsa kada su yi caca, yana faɗin haka hannunsa na kan maɓalli. Wannan gargaɗi ba ya shiga cikin yankakken bidiyon.

An kashe maciji, ba a sare kansa ba

A watan Satumba na 2022 wani mai shiri ɗan Ingila da ake kira ItsSliker ya amsa cewa ya karɓi rancen fiye da dala 200,000 daga abokan sana'a da masu kallo bisa dalilan ƙarya, ya zuba su a caca. Wasu manyan masu shiri suka yi barazanar ƙaurace wa dandalin. Twitch ta ba da sanarwa cewa daga 18 ga Oktoba, 2022, ta haramta nuna shafukan kalo-kalo da rulet da ba su da lasisin Amurka ko na wata ƙasa mai ƙwaƙƙwarar dokar kare masu saye, ta kuma ambaci Stake, Rollbit, Duelbits da Roobet da suna. Caca a kan wasanni da ta karta ta bar su.

Kafin shekarar ta ƙare, masu Stake suka buɗe nasu dandalin mai suna Kick, Niknam na cikin masu tallata shi. Kick ya yi alkawarin bai wa mai shiri kashi 95 cikin 100 na kuɗin wata-wata na magoya baya, alhali Twitch ta saba raba shi biyu. Adin Ross ya koma can a 2023, kuma a watan Yuni na wannan shekara jaridar New York Times ta ba da labarin cewa an ƙulla yarjejeniyar shekara biyu da wani ɗan Kanada, Félix Lengyel, a kan dala miliyan 70 da za ta iya kaiwa miliyan 100. Ɗalibin tattalin arziki ya san irin wannan ciniki. Mai kantin da ke sayar da sukari ƙasa da yadda ya saro, yana da wani abu a ciki da yake so a shigo a saya. Jaridar Financial Times ta ruwaito cewa abin da ya rage a hannun Stake bayan biyan waɗanda suka ci ya kai dala biliyan 2.6 a 2022 kaɗai. Daga wannan rumbu ne aka biya kuɗin sa sunan kamfanin a ƙirjin rigar ƙungiyar Everton tun daga 2022, sunan da masu zuwa gidajen kallon ƙwallo suka gani a jikin Alex Iwobi a kakar 2022 zuwa 2023.

Hukumomi suna biye a baya. Stake ya rufe shafinsa na Ingila a watan Maris na 2025 bayan binciken hukumar caca ta ƙasar, a watan nan kuma YouTube ta tsaurara ƙa'idarta kan tallan shafukan da ba ta amince da su ba. A watan Oktoba na 2025 aka shigar da ƙara a jihar Misuri ta Amurka a kan reshen kamfanin na can, da Adin Ross, da mawaƙi Drake, ana zarginsu da yaudarar jama'a ta hanyar wasa da kuɗin kamfani kamar nasu ne. Zargi ne na masu ƙara. A Barazil ma, binciken 'yan sanda ya gano wasu masu talla suna amfani da asusun gwaji da aka shirya don ya riƙa ci, lamarin da ya kai Majalisar Dattawan ƙasar ta kafa kwamitin bincike a 2024.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa a nan gida

Nijeriya ba baƙuwar caca ba ce. Bayan zamanin kalo-kalo da takardun pul, NairaBet ya fara a 2009, Bet9ja a 2013, sannan irin su BetKing da SportyBet suka biyo, shaguna suka bazu har garuruwan ƙananan hukumomi. Salon talla da fitattun mutane ma ya iso: Bet9ja ya ɗauki nauyin shirin Big Brother Naija na 2019, BetKing kuma ya ɗauki Jay-Jay Okocha jakadansa. A ƙasa da waɗannan manya akwai ɗimbin ƙananan masu shiri a TikTok da Telegram, har da masu yi da Hausa, da ke nuna tikitin da suka ci suna raba lambar rajista. Tsarin la'adar nan ne dai na Amurka, an rage masa tsawo.

Lissafin ma bai sauya ba, sai dai ya ƙara muni. Wasan jirgin nan mai suna Aviator, wanda kamfanin Spribe ya fitar a 2019, yana mayar da kashi 97 cikin 100, amma zagayensa na ƙarewa cikin daƙiƙoƙi, don haka jujjuyawar ce ke cinye kuɗin. Tikitin ƙwallo mai jerin wasanni kuwa, wanda matasa suka fi so saboda naira 100 na iya zama miliyan, shi ya fi kowanne tsada. Idan gida na cire kashi 5 cikin 100 a kowane wasa, aka jera wasanni 10 a tikiti ɗaya, cirewar tana hawa kan juna har abin da ke komawa ga masu sa kuɗi ya sauko kusan kashi 60 cikin 100. Gida ya tashi da kashi 40.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta mai shago, ba ta iyaye kaɗai ba, yana komawa ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023. Tun daga lokacin ciniki mai yawa ya koma tura kuɗi ta waya, ta OPay, Moniepoint, PalmPay da bankuna. A da cinikin yini yana cikin akwati, mai gida ya zo da yamma ya ƙirga. Yanzu sau da yawa yana cikin wayar da ke hannun yaron shago, kuma tsakanin asusun ciniki da shafin caca danni uku ne ko huɗu. Yankin Jama'a yana da matasa masu yawa da waya a hannu, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya daf da Godogodo, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. Ga kuma cutar da ta halaka gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023, ta bar gidaje da yawa da bashi. Mutumin da ya yi asara yake neman mayar da gurbi da gaggawa shi ne ainihin wanda aka yanka bidiyon daƙiƙa 40 dominsa.

Wanda ya fara da kuɗin ciniki ba ya ɗaukar kansa ɓarawo. Aro ya yi na minti goma, zai mayar kafin mai gida ya dawo. Alamar tana fitowa ne a takardar bayanin asusu: ƙananan kuɗi, naira 1,000, naira 2,000, suna fita a jere zuwa wuri guda, galibi da dare ko ranakun Asabar da Lahadi, adadin yana ƙaruwa yayin da dare ke yi. Ɗan kasuwar da ya raba asusun karɓar ciniki da wayar yaro, ya sa saƙon banki na zuwa wayarsa, yana kuma rufe lissafi kullum ba mako-mako ba, ya toshe mafi yawan ƙofar. Haka nan uwar adashe, da mai bai wa wakilin POS jari, da dilan da ke ba da kaya bashi, duk suna da sabon haɗarin da ya kamata su sa a lissafi, domin mai bin asararsa a caca ya kan biya bashi a kan kari har zuwa ranar da zai ɓace gaba ɗaya.

Ta fuskar doka, a watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shagunan caca da dama a birnin. A ranar 22 ga Nuwamba na shekarar, Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas da wasu jihohi suka shigar tun 2008, cewa dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya, kuma tsara harkar haƙƙin majalisun jihohi ne. Ke nan ikon ba da lasisi, da sa haraji, da hana yara shiga shagon caca a Kafanchan yana hannun gwamnatin Kaduna. Amma wannan iko a kan shago mai ƙofa da kwaɗo yake aiki. Shagon kan hanya, duk illarsa, yana biyan hayar ɗaki, yana biyan mai buga tikiti, wakilinsa kuma a garin yake kashe la'adarsa. Kuɗin da suka bi lambar rajistar saurayin da ke allo kuwa, ana canja su zuwa kirifto su fice, kaso ya tafi ga mai shirin, saura ga kamfani. Idan kamfanin ya riƙe kuɗin wanda ya ci, ko ya rufe masa asusu, hukumar da ta ba shi lasisi tana tsibirin Kurasawo, mai mutane ƙasa da 200,000, a ɗaya gefen Tekun Atlantika.